Yadda zaka magance "No module named" idan ka kwashe aikin Python daga Windows zuwa Linux

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayar nan ta yi yawa, kusan kullum sai wani ya turo min hoton allon kwamfutarsa, wai aiki yana tafiya lafiya lau a laptop ɗinsa mai Windows, amma da ya ɗora shi a saba (server) mai Ubuntu ko ya buɗe shi a WSL, wato Linux ɗin da ake kunnawa a cikin Windows, sai kawai ya ga ModuleNotFoundError: No module named kaza. Shi yasa nace bari in zauna in jera matakan gaba ɗaya yadda nake bi, duk wanda ya sake tambaya sai in miƙa masa wannan. Zan yi magana ne akan Windows zuwa Linux tunda shi aka fi tambaya, amma wanda ya taho daga Linux zuwa Windows ko daga Mac ma zai samu nasa a ciki.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu: fayilolin kod ɗinka ne kawai suka yi ƙaura, Python ɗin da yake gudanar da su da duk abubuwan da ka taɓa saka masa suna can tsohuwar kwamfuta. Kamar tela ne ya tashi zuwa sabon shago da yadin mutane ya bar keken ɗinki da zare a tsohon wuri. Saboda haka kar ka fara buga pip install kan mai uwa da wabi, bi a jere.

Abin da kake buƙata: taminal a sabuwar na'urar, Git in da shi kake kwashe aikin, da tsohuwar kwamfutar a kusa, kar ka goge komai a cikinta tukuna. Duk kayan aikin kyauta ne, data kawai zaka kashe, zan yi maganarta a mataki na 4.

1. Karanta saƙon kuskuren har ƙarshe

Mutane da yawa da zarar sun ga dogon rubutu sai hankalinsu ya tashi, alhali layi uku na ƙarshe ne kawai ake buƙata. Na ƙarshe yana faɗa maka sunan modul ɗin da aka rasa, na samansa kuma suna nuna fayil da layin da ya nemo shi. Rubuta sunan daidai yadda yake, da babban baƙi da ƙarami, sannan ka tambayi kanka wane iri ne:

- na waje da ake saukewa da pip (manhajar saka fakej ta Python), irin su django, flask, requests, pandas
- wanda ka rubuta da hannunka, irin su utils ko config
- wanda yake zuwa tare da Python, irin su tkinter, winreg, fcntl, distutils

Kowanne maganinsa daban. In naka ne na hannunka tsallake zuwa mataki na 7, in na cikin Python ne duba 6 da 8, amma duk da haka ka yi mataki na 2 domin shi yake kama kusan kowa.

Hattara: in saƙon ImportError ne yana cewa libGL.so.1 ko wani fayil mai .so ba a same shi ba, toh modul ɗin yana nan, wani fayil na tsarin Linux (library) ne ya rasa. Wanda aka fi gani shine na OpenCV akan saba, maganinsa ka cire opencv-python ka saka opencv-python-headless.

2. Gano wane Python ne yake aiki

A Windows ka saba buga python ko py, a Ubuntu kuwa python3 ne, sau da yawa python ɗin ma babu shi sam. Sannan na'ura ɗaya zata iya ɗaukar Python biyu ko uku, kowanne da ma'ajiyar kayansa, sai ka saka fakej a ɗaya ka kunna aikin da ɗayan kana ta mamaki. Buga waɗannan:

```
which python3
python3 --version
python3 -c "import sys; print(sys.executable)"
python3 -m pip --version
```

Na ƙarshen zai nuna maka hanyar da pip yake zaune, ka tabbata gida ɗaya suke da abin da sys.executable ya nuna. A Windows ɗin ma ka buga python --version ka rubuta lambar a gefe, zamu buƙace ta.

Daga yau ka daina buga pip shi kaɗai, ka riƙa cewa python3 -m pip, ta haka ka san wanda ka kira shine zai karɓi kayan.

Hattara: kar ka yi sudo pip install. Zaka cakuɗa kayanka da na tsarin Ubuntu, kuma wasu kayan aikin Ubuntu sun dogara da wasunsu.

3. Jefar da tsohon venv, ka yi sabo

Wannan shine kuskuren da nafi gani. Mutum ya naɗe foldar aikin gaba ɗaya a zip har da venv, wato foldar da take riƙe da Python da fakej na aikin shi kaɗai, ya tura ta WhatsApp ko filash, ya kwance a Linux yana jiran ta yi aiki. Ba zata yi ba. Venv na Windows yana da foldar Scripts da python.exe a ciki, na Linux kuma bin yake da ita, sannan akwai wani ɗan fayil pyvenv.cfg da ya haddace hanyar Python na tsohuwar kwamfuta, wani abu kamar C:\Users da sauransu wanda babu shi a Linux. Bayan haka fakej irin su numpy da Pillow ba Python zalla bane, akwai ɓangaren da aka haɗa musamman don kowane tsari, a Windows .pyd ne a Linux .so ne, ɗaya baya karanta ɗaya.

```
sudo apt update
sudo apt install python3-venv python3-pip
cd aikina
rm -rf venv
python3 -m venv venv
source venv/bin/activate
```

In ya yi daidai zaka ga (venv) a farkon layin taminal, kuma which python zai nuna hanya a cikin foldar aikinka. Duk lokacin da ka rufe taminal ka sake buɗewa sai ka sake source ɗin nan, ba ya zama dindindin.

Hattara: duba layin rm -rf da kyau kafin ka danna Enter, babu kwandon shara a nan, abin da ya tafi ya tafi. Sannan in baka kunna venv ba ka ga externally-managed-environment, ba lalacewa bane, Debian 12 da Ubuntu daga 23.04 zuwa sama haka suke hana pip taɓa Python na tsarin. Zaka ga wasu suna cewa ka ƙara --break-system-packages, ni dai ban baka shawara ba, sunan ma kaɗai ya isa ya faɗa maka, kunna venv kawai saƙon zai ɓace.

Ka saka venv/ a cikin .gitignore kuma, domin kar ya sake bin ka.

4. Fitar da jerin kayan, ka tsaftace shi, sannan ka saka

Koma tsohuwar kwamfutar, kunna venv ɗinta, ka buga:

```
python -m pip freeze > requirements.txt
```

Kar ka ɗauke shi kai tsaye, buɗe shi ka karanta. A nan ne abin yake, kuma zan ɗan daɗe a kai domin mutane basu san yadda pip yake ba. Shi pip sai ya gama nemo duk abin da ke jerin kafin ya fara sakawa, in layi ɗaya tak ya gagara toh babu ko ɗaya da zai shiga. Misali jerinka yana da layi arba'in, a ciki akwai pywin32 wanda na Windows ne kawai, pip zai yi ta zubo rubutu yana Collecting wannan Downloading wancan, kai kana ganin aiki na tafiya har ka tashi ka je sallah, ka dawo ka kunna aikin sai kaga No module named 'django', ka ce ai yanzu na saka shi. Baka saka ba. Da ka kalli ƙasan rubutun da ka ga:

```
ERROR: No matching distribution found for pywin32
```

Saboda haka in baka ga layin da ya fara da Successfully installed ba, ka ɗauka babu abin da ya shiga.

Abubuwan da zaka nema a cikin fayil ɗin: pywin32, pywinpty, windows-curses da duk wani mai kama da na Windows. Ko ka goge su, ko kuma in kana so fayil ɗaya ya yi aiki a wuri biyu ka yi musu alama haka:

```
pywin32; sys_platform == "win32"
gunicorn; sys_platform != "win32"
```

Masu amfani da Anaconda kuma zaku ga wasu layuka da @ file:///C:/ da doguwar hanya a gabansu, waɗannan ba zasu taɓa aiki a wata na'ura ba, ku fitar da jerin da python -m pip list --format=freeze a maimakon freeze.

In kuma tun farko baka yi amfani da venv a Windows ba, freeze zai kwaso maka duk tarkacen da ka taɓa sakawa tun ranar da ka fara koyon Python. Gara ka zauna ka duba import ɗin fayilolinka ka rubuta jerin da hannu, bai fi layi goma ba yawanci.

Sai a Linux:

```
python -m pip install -r requirements.txt
```

Maganar data. In akan saba kake sakawa intanet ɗin sabar ake ci, ba naka ba, ka saki jiki. Amma in WSL ne ko Ubuntu ɗin da ke laptop ɗinka kuma hotspot ɗin waya kake ja, toh ka lura. Django da Flask da requests basu da nauyi, numpy da pandas da OpenCV kowanne megabait gommai ne, amma torch shine mai cinye kati, domin a Linux yana janyo kayan CUDA na Nvidia masu kai gigabait, abin da baya yi a Windows in ka saka shi kai tsaye. In na'urarka bata da GPU buga wannan kafin sauran:

```
python -m pip install torch --index-url https://download.pytorch.org/whl/cpu
```

Hattara: ƙaramar saba mai ƙarancin RAM wani lokaci pip yana tsakiyar aiki sai kaga Killed kawai ya tsaya, shima babu abin da ya shiga kenan. Gwada ƙara --no-cache-dir, in ya ƙi sai ka yi swap, wato ka ware wani ɓangare na diski ya taimaka wa RAM. Sannan mysqlclient da psycopg2 sukan nemi a haɗa su a kan na'urar, sai ka fara saka build-essential da python3-dev da pkg-config, da default-libmysqlclient-dev don MySQL ko libpq-dev don PostgreSQL. Mai gaggawa ya ɗauki psycopg2-binary ya huta.

5. Sunan import ba lallai shine sunan pip ba

Gajere ne amma yana ɓata lokaci. Ka ga No module named 'cv2' ka buga pip install cv2, babu. Ga waɗanda aka fi cin karo da su:

- cv2 shine opencv-python
- PIL shine Pillow
- sklearn shine scikit-learn
- yaml shine PyYAML
- bs4 shine beautifulsoup4
- dotenv shine python-dotenv
- jwt shine PyJWT
- MySQLdb shine mysqlclient
- serial shine pyserial
- docx shine python-docx
- Crypto shine pycryptodome

Hattara: kar ka yi ta cankar suna. Wasu sunayen akwai wani fakej daban da ya riga ya ɗauke su a PyPI, rumbun da pip yake ɗauko kaya, serial da jwt da docx duk haka suke, zai shiga lafiya kuskuren farko ya ɓace sai wani sabo mai ruɗarwa ya fito. In ka riga ka saka na bogi sai ka cire shi da pip uninstall kafin ka saka na gaskiya, domin suna rubutu a folda ɗaya.

6. Modul ɗin da babu shi sam a wancan tsarin

Akwai waɗanda ko ka kwana kana pip ba zasu zo ba. winreg da msvcrt da winsound na Windows ne kawai, haka win32api da win32com da suke zuwa da pywin32. A ɗaya ɓangaren kuma fcntl, pwd, grp, termios da resource na Linux da Mac ne, Windows bata da su. Shi yasa wanda ya kwaso aiki daga saba ya kunna gunicorn a Windows yake ganin No module named 'fcntl', gunicorn baya aiki a Windows, ko ka yi amfani da waitress ko ka shiga WSL.

In ɗan ƙaramin abu ne kake yi da modul ɗin, ka killace shi:

```
import sys
if sys.platform == "win32":
    import winsound
```

sannan duk inda ka kira shi ka saka sharaɗin. Amma in aikin gaba ɗaya a kansa ya ginu, misali kana sarrafa Excel ta win32com, toh gaskiya sai an sake rubuta ɓangaren da wani abu kamar openpyxl, babu gajeriyar hanya.

tkinter shi nasa daban ne, akwai shi a Linux amma Ubuntu ta raba shi da Python, kuma ba a pip yake ba: sudo apt install python3-tk.

7. In modul ɗin naka ne na hannunka

Abu uku zaka duba a jere.

Na farko, fayil ɗin ya iso ma kuwa? Buga ls a foldar ka gani da idonka. In baya nan kuma ta Git ka kwaso, koma Windows ka buga git status ko ka manta baka yi add ba, sannan git check-ignore -v da hanyar fayil ɗin. Shi .gitignore na Python da mutane suke ɗauka a GitHub yana watsi da folda mai suna lib, env, build ko var, in ka raɗa wa foldarka ɗaya daga cikin sunayen nan Git zai bar ta a gida bai ce maka komai ba.

Na biyu, babban baƙi da ƙarami. Windows tana ɗaukar Helpers.py da helpers.py abu ɗaya, Linux kuwa fayil biyu ne mabambanta. Yadda abin yake kama mutane shine: ka fara ajiye shi a Git da Helpers.py, daga baya ka canza sunan a Windows zuwa helpers.py ka gyara import ɗinka, komai na aiki, amma Git na Windows bai lura an canza komai ba, sai Linux ya karɓi tsohon sunan. Buga git ls-files kaga sunan da Git ya sani, in ya bambanta:

```
git mv Helpers.py helpers.py
git commit -m "gyaran suna"
```

In folda ce ta ƙi, ka fara mayar da ita wani suna na wucin gadi sannan ka dawo da ita wanda kake so. Masu Node.js ku naku ya fi muni, require('./Helpers') zai wuce a Windows da yawancin Mac ko da fayil ɗin helpers.js ne, sai an je Linux Cannot find module ya fito, kuma node_modules ma kar ku kwafe ta, ku yi npm install sabo. Ni dai shawarata duk sunan fayil a yi shi da ƙananan baƙaƙe a wuce wurin.

Na uku, daga ina kake kunna aikin? PyCharm yana ƙara babbar foldar aikinka a hanyar da Python yake bincike ba tare da ka sani ba, sai ka saba danna koren maɓallin komai na tafiya. A taminal babu mai yi maka wannan. In ka buga python app/main.py, foldar app ce take shiga hanyar bincike, ba ta samanta ba, sai from app.models import ya faɗi. Tsaya a babbar foldar ka buga:

```
python -m app.main
```

Kana son ganin inda yake dubawa, saka import sys da print(sys.path) a saman fayil ɗin na ɗan lokaci. In kuma PYTHONPATH ka saita a Windows, bai biyo ka ba, kuma a Linux da : ake raba hanyoyi ba da ; ba.

Hattara: kar ka raɗa wa fayil ɗinka sunan wani fakej, irin su requests.py, random.py ko email.py. Python zai ɗauko naka ya bar na gaskiya, sai kaga saƙo irin 'email' is not a package kana ta neman laifi a wani wuri.

8. Lambar Python ta bambanta

Ɗauko lambar da ka rubuta a mataki na 2. Ubuntu 22.04 da Python 3.10 take zuwa, 24.04 kuma da 3.12, in laptop ɗinka tana da wani daban toh wasu modul sun shigo wasu sun fita a tsakani. An cire distutils da imp a 3.12, an cire cgi a 3.13, tomllib kuma sai daga 3.11 ya fara. Sannan daga 3.12 sabon venv baya zuwa da setuptools.

In distutils ne, python -m pip install setuptools yakan rufe ramin, amma yawanci ba kod ɗinka bane yake nemansa, wani tsohon fakej ne da requirements.txt ya ɗaure a tsohuwar lamba, kalli hanyar fayil ɗin a saƙon kuskuren zaka ga site-packages da sunansa, shi zaka ɗaga zuwa sabo. In aikin babba ne kuma ba a son taɓa komai, saka Python mai lamba ɗaya da na tsohuwar kwamfutar ta pyenv ko Docker ka gina venv da shi.

Hattara: kar ka cire ko ka musanya python3 ɗin da Ubuntu ta zo da shi, naka a gefe zaka ajiye shi.

9. Yana aiki a taminal amma ya ƙi a systemd ko cron

Ka gama komai, ka kunna da hannu ya tashi, ka mayar da shi sabis sai No module named ya dawo. Dalili shine systemd (mai kunna sabis) da cron (mai kunna aiki a kan lokaci) da sudo basu san ka taɓa buga source ba, Python na tsarin suke ɗauka. Basu cikakkiyar hanya:

```
WorkingDirectory=/home/ubuntu/aikina
ExecStart=/home/ubuntu/aikina/venv/bin/gunicorn aikina.wsgi
```

A cron ma haka, cd zuwa foldar aikin sannan venv/bin/python da sunan fayil, duk a layi ɗaya da && a tsakani. Bayan ka gyara fayil ɗin sabis ka buga sudo systemctl daemon-reload sannan ka yi restart, in ba haka ba tsohon zai ci gaba da karantawa, sai journalctl -u da sunan sabis ɗin ya nuna maka ko ya tashi.

In har yanzu ya ƙi kuma zaka nemi taimakon wani, kar ka turo hoton allo da ka ɗauka da waya rabi a yanke. Kwafo saƙon kuskuren gaba ɗaya a rubuce, haɗe da abin da which python da python --version da python -m pip list suka nuna, da kuma ainihin umarnin da ka buga da foldar da kake tsaye a ciki, ka goge kalmar sirri ko makullin API in akwai a ciki kafin ka tura.